Jirgin da Ba Ya Yoyo: Shekara Tara Bayan Yagana

Matso kusa, mai karatu, ka gyara zama, don abin da zan gaya maka ba na ɗaga murya ba ne. Damunar bana ta cika shekara tara da rasuwar ƙanwata Yagana. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa ba da labarin ranar da ta rasu ba sai a tsakar gidana, ga waɗanda suka san ta. Abin da ya sa na fito da shi bana, kwanakin baya ina tankaɗe na ji a rediyo ana cewa za a sake ɗaukar matasan ma'aikatan lafiya a ba su irin tallafin binciken da aka ba ta, a tura su ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Sai na ajiye rariya na ce, to, yaran nan ya kamata su ji labarin wadda ta riga su.

Sunana Kaltume. A Nguru aka haife ni, a Nguru aka yi mini aure, kuma in ka cire asibiti da gidan suna da gidan mutuwa, ba inda ƙafata ke zuwa. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ba, saboda haka in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Ina cikin ɗaki nake gane wanda ya shigo zaure daga jan takalminsa. In maƙwabta na suya, daga ƙarar mai nake sanin tarwaɗa ce ko karfasa. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce a daina gulma a unguwar nan sai Kaltume ta yi barci. Ka riƙe wannan maganar kunnen, za mu dawo gare ta.

Yagana ni na goya ta. Ita ce ta yi karatu a gidanmu, ta je makarantar koyon aikin lafiya, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a wajen Gashuwa, can ta auri wani malamin makaranta mai sanyin hali wanda bai taɓa tare mata hanya ba. Allah bai ba su haihuwa ba. Tana da wata ɗabi'a da duk wanda ya san ta ya san ta da ita. In ka gaishe ta, ba ta tsayawa ana jan gaisuwa, ina gajiya, ina aiki, ina su wane. Sai ta ce, “Lafiya lau. Waye ba lafiya a gida?” Ko a gidan biki haka take yi. Na sha gaya mata, “Yagana, ke wannan gaisuwar taki kamar mugun fata ce.” Sai ta yi dariya ta ce, “Ya Kaltume, ba gidan da babu. Kunya ce ke hana su faɗa, ni kuwa na rage musu hanya.”

Tallafin nan yana da suna na Turanci da ya fi ƙarfin bakina, amma yadda ta yi mini bayani na gane. Ana zaɓen ma'aikacin lafiya, a ɗauke masa aikin yau da kullum na wani lokaci, a ba shi guzuri da abin hawa da malami a jami'a mai duba aikinsa, a ce je ka binciko mana abin da ke shiga tsakanin mutanen karkara da magani. Binciken ba na ƙwayar cuta ba ne, na hanya ne da hali. Ita tambayar da ta ɗauka guda ɗaya ce, kuma ta daɗe tana ci mata rai. In ruwa ya cika fadama da damuna, me ya sa mutanen ƙauyukan ƙetare ba sa kawo mara lafiya sai ya zama ba abin da za a iya yi masa, ko ma ba sa kawo shi sam?

Ta zaɓi wani ƙauyen masunta da manoman shinkafa da ke bayan Katuzu. Ba zan faɗi sunansa ba, mu kira shi Ƙetare. Da rani babur na shiga, da damuna kuwa sai jirgin ruwa, ta cikin wata siririyar hanya a tsakiyar ciyawar kacalla. Watannin farko duk wanda ta tambaya amsa ɗaya yake ba ta, babu kuɗi, babu hanya. Su ma'aikatan asibiti kuma suna cewa jahilci ne. Takan zo Nguru hutun ƙarshen mako ta zauna a tabarmata tana cin ɗanwake, tana cewa, “Ya Kaltume, gaskiya suke faɗa mini, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Mutumin da ba shi da hanyar kai matarsa asibiti, ya aka yi yake da hanyar kai buhun kifi kasuwa?”

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai da ta tare a ƙauyen, ta kwana ta tashi da su, sannan ta lura da wani abu. In yaro ya yanke da lauje, ko mace na ciwon haƙori, nan da nan za a sami mai jirgi. Amma ranar da ciwo ya yi tsanani, ranar da aka ga ido ya juya ko jini ya ƙi tsayawa, duk mai jirgin da aka je wa sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Wallahi nawa yana yoyo.” Na biyu ma yana yoyo. Na uku ya ba ɗansa ya tafi da shi. Washegari da sassafe kuma sai ta ga jiragen nan duka a kan ruwa, lafiyarsu ƙalau, ana jan koma.

Abin da ke ƙasa shi ne, a wajen masuntan yankin, jirgin da rai ya fita a cikinsa shi ma ya mutu. Sun ce kifi na jin sa daga nesa ya gudu, kuma duk wanda ya sake shiga cikinsa ya kira wa kansa. Sai a ja shi kan tudu a kife, rana da gara su cinye shi. In ka bi bayan ƙauyen za ka gan su, tsofaffin jirage a kife cikin ciyawa, kowanne ana iya gaya maka sunan wanda ya cika a ciki. Malamai sun sha faɗa cewa camfi ne. Su kansu masuntan in ka tare su a ƙofar masallaci za su ce camfi ne. Amma jirgi shi ne gonar masunci, shi ne rumbunsa, kuma ba wanda ke son a gwada gaskiyar magana a kan tuwon 'ya'yansa. Ba mugunta ba ce. Mutumin da ya ce jirginsa na yoyo shi ne zai fi kowa kuka a wajen jana'iza. Kuma ba wanda zai gaya wa baƙo wannan, don abin kunya ne a gare su.

Ranar da ta zo ta ba ni wannan labari, ni salati na kama yi. Ita kuwa idonta sai ƙyalli yake. Ta ce, “Kin gani? Ba asibiti suke tsoro ba. Abin da suke bukata jirgi ne wanda ba ya kamun kifi.”

Malamarta ta jami'a ta yarda a gwada. Aka sassaƙa sabon jirgi, aka damƙa shi a hannun wani dattijo, Baba Maina, wanda idonsa ya yi rauni ya daina su amma hannunsa bai manta da sandar tuƙi ba. A nan ne Yagana ta yi kuskuren da har ta rasu tana ba da labarinsa tana dariya. Ta sa aka shafe jirgin da farin fenti fat, don a ganinta fari shi ne launin asibiti, daga nesa kowa zai gane shi. Aka kuwa gane shi. Ranar da aka sa shi a ruwa yara suka watse, mata suka ja mayafi suka rufe fuska. Dogon abu fari, mai ɗaukar mutum a kwance, yana tafe a hankali kan ruwa ba ƙara. Kafin yamma an raɗa masa suna makarar Malama, don da Malama mutanen ƙauyen ke kiran Yagana. Makonni suka wuce yana ɗaure a bakin ruwa, ko akuya ba ta zuwa kusa da shi.

Da hannunta ta kankare fentin, ita da Baba Maina. Suka shafa masa shuɗi irin na kowa. Ta ce daga yau duk ranar kasuwa mata su zuba kayansu a ciki kyauta. Aka fara da tsofaffi marasa tsoron mutuwa, sannan masu tallan daddawa. Ya ɗauki buhunan shinkafa, ya ɗauki awaki suka yi masa kashi, ya ɗauki gadon amarya da kwallayenta ana guɗa. Ita kanta ba ta shiga wani jirgi sai shi. Sai da ya yi ƙarni ya yi datti ya zama jirgi kamar kowane jirgi, sannan wata rana aka kawo yaro mai jijjiga aka sa a ciki. Yaron ya je Gashuwa ya dawo da ƙafarsa. Daga nan aka samu hanya.

Amma akwai abin da ya hana ta sakin jiki, kuma ta gaya mini shi ba sau ɗaya ba. Har lokacin Allah ya tsare, ba wanda ya cika a cikin jirgin. Bulama, wato mai garin, ya gaya mata gaskiya cewa ko da jirgin ba ya su, ranar da rai ya fita a cikinsa mutane za su ce a kife shi, kuma ba shi da bakin hana su. Ta ce da ni, “Jirgin marasa lafiya kuwa dole wata rana a mutu a ciki. Ranar ce za a san ko na yi aiki ko wasa na yi.” Saboda haka ta shirya zama da Bulama da liman da manyan masunta, a yi maganar a fili tun kafin ranar ta zo. Wannan zaman shi ne abu na ƙarshe da ya rage mata a binciken.

Ni na fara jin ciwonta kafin kowa ya gani. Ta shigo zaure wata Juma'a, na ji takalminta na jan ƙasa, ba irin takunta ba. Na ce, “Yagana, ƙafarki ta yi nauyi.” Ta ce, “Ke da kunnenki kamar na jemage, gajiya ce.” Da ta zauna na janye zanen na ga sawun ya kumbura, na danna yatsa ya lotsa bai dawo ba. Ba ta ƙara musu ba. Ciwon ƙoda ne, wanda mu mutanen wannan yanki ba sai an yi mana bayaninsa ba, kusan kowane gida ya san hanyar da yake bi. Likitoci suka ce ta huta, a fara shirin wankin ƙoda. Ta ce za ta huta, amma sai ta je ta yi zaman nan tukuna, kwana biyu kacal. Mijinta ya yi magana har ya gaji. Ƙarshe ya zo Nguru da kansa ya durƙusa ya ce, “Yaya, tunda ba za ta fasa ba, ki bi ta. Ke kaɗai take jin kunya.”

Ni da ko gadar Gashuwa in mota za ta hau sai na rufe ido, haka na shiga jirgin Baba Maina ina salati, Yagana na yi mini tsiya. Muka kwana a Ƙetare. Da gari ya waye, ranar da za a yi zaman, ta kasa tashi daga inda ta yi sallah. Fuskarta ta kumbura, numfashinta ya koma wani iri, da ɗan ƙara a ƙasansa kamar ƙaramar tukunya na tafasa a kan garwashi. Aka buga wa mijinta waya ya taho bakin ruwa da mota. Zaman da ba a yi ba ke nan.

Da aka kawo ta bakin jirgi, mata sun shimfiɗa tabarma a ciki. Ta girgiza kai. Ta ce, “Kada a kwantar da ni. In suka gan ni a kwance sun gama yanke hukunci.” Duk ƙauyen na tsaye a gaɓa suna kallo. Na shiga na zauna, aka zaunar da ita a gabana, bayanta a ƙirjina, na rungume ta kamar lokacin da take yarinya ina yi mata kitso. Ta gyara mayafinta, ta ɗaga wa mutane hannu. Baba Maina na bayana a tsaye da sanda. Da muka ɗan yi nisa ta ce a hankali, “Ya Kaltume, ki yi ta surutunki. Yau na ba ki izini. Kada ki bari in tafi a cikin jirgin nan.”

Na yi surutu kuwa. Na ba ta labarin akuyar maƙwabciyata da ta cinye mini kuka a shanya. Na tuna mata ranar da ta ɓata a tashar jirgin ƙasa tana ƙarama aka same ta tana barci kan buhunan gyaɗa. Na yi mata tsadar barkono, na yi gulmar duk wanda na sani. Tana cewa “uhm”, wani lokaci ta ɗan yi dariya, tsakani kuma ina jin leɓenta na motsi da kalmar shahada.

Rana ta take tsaka lokacin da muka shiga cikin kacalla. Wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane ba. Ciyawar ta fi mutum tsawo, ta rufe dama da hagu, ba ka ganin komai sai wani tsiririn sama fari a bisa kanka. Iska ba ta shiga. Tun safe tsuntsaye ke ta hayaniya, amma a wurin nan sai suka ɗauke gaba ɗaya, kamar an rufe ƙofa. Abin da ya rage a kunnena uku ne, sandar Baba Maina na shiga ruwa tana fita, muryata, da tukunyar nan da ke tafasa a ƙirjin ƙanwata.

Sai tukunyar ta yi shiru.

Ban ce na gani ba, don fuskarta na gaba, mayafi ya rufe. Ji na yi. Na dakata da magana na kasa kunne, irin kasa kunnen da nake jin tafiyar ƙadangare a kan katanga. Babu. Jikinta ya ƙara nauyi a kaina, kanta ya kwanta a kafaɗata. Na kai bakina kunnenta na yi mata kalmar shahada. Na so in juya in ce wa Baba Maina wani abu, harshena ya manne a dasashi, wuyana ya ƙi juyawa. Haka muka yi ta tafiya cikin ciyawar nan, ban san iya tsawon lokacin ba, amma ya isa a dafa shinkafa. Hannunta da ke cikin nawa yana ta yin sanyi, ga rana na dukan mu.

Da muka fito fili, gaɓar da mota ke jira ta bayyana can gaba. A gefe akwai wani masunci ɗan Ƙetare, Garba, tsaye cikin ruwa iya ƙugu yana duba tarkunansa. Bai san abin da ke faruwa ba, tun asuba ya fito. Ya ɗaga hannu ya yi gaisuwar Barebari, ya ce, “Wushe Malama, sannu da hanya.”

“Lafiya lau, Garba. Waye ba lafiya a gida?”

Muryarta ce. Ba muryar mara lafiyar da ta shiga jirgi ba, muryarta ta da, sarai, da ɗan murmushin nan a ciki. Garba ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce, “Mai ɗakina ce. Tun da ta haihu jinin bai ɗauke ba.”

“In jirgi ya koma a sa ta a ciki. Kada a jira gobe.”

Baba Maina daga bayana ya ce, “To ka ji dai, Garba.” Ya ci gaba da tuƙi.

Ga abin da ban gaya maka ba. In mutum ya jingina da ƙirjinka ya yi magana, kana jin maganar a jikinka kafin ta iso kunnenka, bayansa na rawa kaɗan-kaɗan. Duk uwar da ta taɓa rungumar ɗa ta san wannan. Ni ban ji komai a ƙirjina ba. Bayanta bai motsa ba. Kunnena ya ji, jikina bai ji ba.

A gaɓa mijinta ya shigo ruwa har gwiwa ya ɗauke ta. Yana ɗaga mayafin ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata abokiyar aikinta da ya taho da ita ta taɓa wuyanta, ta taɓa hannunta, ta daɗe tana riƙe da shi, sannan ta dube ni ta ce, “Ya Kaltume, tun yaushe?” Kafin in buɗe baki Baba Maina ya ce, “Wane irin tun yaushe? Yanzun nan ta gama magana da Garba.” Abokiyar aikin ta dube shi, ta dube ni, ta saki hannun.

Mu muka wuce Gashuwa da gawa. Baba Maina ya share hawaye ya juya jirgi, ya ce Malama ta ba da aiki. Sauran labarin daga bakinsa na ji. Kafin ya isa, waya ta riga shi. Ya tarar da maza a gaɓa da igiya, za su ja jirgin kan tudu. Sai ga Garba, da ya bar tarkunansa ya komo gida, ya ratso su ɗauke da matarsa. Aka ce ina za ka da ita, jirgin ya mutu. Ya ce shi dai da rai ya ga Malama, a zaune, ta kira sunansa, ta tambaye shi gida, daga inda suka yi magana zuwa gaɓa kuwa ko jifa aka yi za ta kai. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Baba Maina ya ce a kawo su dafa tare. Aka buɗa musu hanya. Matar Garba ta kwana biyu a asibiti ana ƙara mata jini, ta dawo ta shayar da ɗanta.

Maganar ba ta mutu a nan ba. Ranar sadakar uku Bulama da liman suka zo gaisuwa, suka nemi a kira ni zaure. Bulama ya ce, “Hajiya, ke ce kike riƙe da ita. Mutanena sun rabu biyu. A cikin jirgi ta cika ko a gaɓa?” Na san abin da Yagana za ta so in ce. Amma ban iya ƙarya a zaman makokinta ba. Na gaya musu duka biyun, yadda na gaya maka, shirun da na ji a cikin kacalla da muryar da na ji a fili. Sannan liman ya ce, “Rai na Allah ne, shi ya san sa'ar da ya karɓi abinsa. Mu abin da aka ba mu shaida a kai, magana ta ƙarshe da aka ji a jirgin nan umarni ne a ceci rai, kuma an ceta. Ni ba zan tsaya ina kallo a kife shi ba.” Bulama ya ce, “Shi ke nan. Wanda zai kife shi ya fara zuwa ya gaya wa Garba.”

Ba a kife shi ba. Damunar da ta biyo baya wani tsoho ya cika a cikinsa, a gaban 'ya'yansa, ba wata tantama. Aka wanke jirgin, washegari ya ɗauki mata zuwa kasuwa. Da wani ya ɗaga magana sai aka ce, jirgin da ya ɗauki Malama ai ya wuce wannan. Zaman da ta so a yi da baki, da gawarta aka yi shi.

Yau in na zauna nakan ce, da Yagana za ta leƙo, me za ta ce? Za ta ga Nguru ta cika da keke mai ƙafa uku har ba wurin taka ƙafa. Za ta ga waya a hannun kowace mai tallan kifi, da fitilar sola a ƙananan asibitocin da ta yi aiki da tocila a baki. Za ta ji daɗi. Za ta tarar Baba Maina ya bi ta, jirginta na farko ya ruɓe don tsufa, an sassaƙa wani, har an ɗaura masa inji, kuma har yau sunansa jirgin Malama. Za ta ji cewa a Ƙetare yanzu akwai masuntan da ke ba da nasu jirgin in na Malama ya fita. Amma za ta kuma ji cewa a ƙauyukan gaba, inda ba ta kai ba, jirage na nan suna yoyo ranar da aka fi bukatarsu. Kacalla na nan tana cin hanya. Ciwon da ya ɗauke ta na nan yana bin gidaje. Na san ba za ta tsaya yabon abin da aka samu ba, tambayarta za ta yi.

Bara wani yaro mai irin wannan tallafin ya zo gidana, mai ladabi, ya ce ya karanta rahoton da malamarta ta ƙarasa bayan rasuwarta. Ya nuna mini yadda yanzu suke aika tambayoyi ta waya, mutum na ƙauye ya amsa, shi yana zaune a gari. Na zuba masa kunu na ce, “Ɗana, da ta waya Yagana ta yi tambaya, da har yau amsar ita ce babu kuɗi, babu hanya. Zuwa da kai ya fi saƙo.” Ya ce lokacin da aka ba su kaɗan ne. To ga roƙona ga masu ba da tallafin nan, in wannan ya isa gare su. Ku ba yaran nan lokacin da za su kwana su tashi da mutane, don abin kunya ba ya fita a zama ɗaya. Kuma wanda kuka tura ya duba lafiyar ƙauye, ku ma ku riƙa tambayarsa, waye ba lafiya a gida.

Mutane sun ce Yagana ta tafi ba ta bar baya ba, tunda ba ta haihu ba. Ɗan Garba yana nan, uwarsa ce ta yaye shi da hannunta, duk sallah sukan aiko mini da bandar kifi. Ni wannan ya ishe ni amsa.

Abin da bai ishe ni ba shi ne ɗayan. Ban ce matattu na magana ba, Allah ya tsare ni da faɗin abin da ban sani ba. Abokiyar aikinta ta ce wani lokaci numfashi kan yi ƙasa har kunne ya kasa kama shi, amma ba ta kalli idona ba da take faɗa. Maigidana kuwa ya ce, “Kaltume, ke ce kika yi maganar ba ki sani ba. Muryarku ɗaya tun kuna yara, kuma bakinki bai taɓa iya barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba.” Na yi ta juya wannan a raina shekara tara. Na san harshena a manne yake. Na kuma san ranar ce ta farko da na taɓa ganin mutumin nan, ba wanda ya gaya mini sunansa, amma muryar ta kira shi Garba.

An ce gani ya kori ji. Ni ban gani ba, ji kawai na yi, kuma kunnen nan bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko a shirun ko a muryar. Allah ya jiƙan Yagana, ya sa jirginta ya zama mata inuwa. Kai kuma da ka zauna ka saurare ni har ƙarshe, gaya mini tsakaninka da Allah: a tsakar ranar nan, wa ya amsa wa Garba gaisuwarsa?